Minti Bakwai Da Aka Sace Wa Odessa

Shafi na 23

Masu zagin Wendell a ƙarƙashin shafin jiya, na ga saƙonninku duka. Ku ɗan rage wuta, ku adana sauran zagin. Yau za ku buƙace shi, kuma ba shi kaɗai zai sha ba.

*

Sau goma sha ɗaya Odessa Pruitt ta kalli bidiyon kafin bas ta sauke ta. Duk sanda ya ƙare sai yatsanta ya sake dannawa, kamar mai taɓa haƙorin da ke mata ciwo.

Ga Wendell Haskins nan tsaye a wani shirin talabijin na New York. Saurayinta na shekara uku. Wanda suka fara hawa dandamalin barkwanci tare tun suna yi wa mutum bakwai wasa, biyu a cikinsu suna barci. Har jakit ɗin da ke jikinsa ita ta zaɓa masa.

"Babana dattijon coci ne," in ji Wendell na cikin waya, yana murmushin nan nasa. "Shekara talatin yana tashi gaban jama'a yana karanta Littafi Mai Tsarki. Matsalar ɗaya ce tak. Bai iya karatu ba."

Zauren ya kece da dariya.

"In muka je gidan abinci, sai ya riƙe takardar jerin abinci minti biyar yana gyaɗa kai kamar alƙali. Sannan ya nuna teburin kusa ya ce, a ba ni irin na wancan bawan Allah. Tunda nake, ban taɓa ganin babana ya ci abin da yake so ba. Abin da maƙwabci ke so yake ci!"

Mutum miliyan biyu sun kalla tun ranar Juma'a.

Wendell ba shi da uba dattijon coci. Mahaifinsa ya rasu yana goye, duk unguwarsu a Milwaukee ta san haka. Kuma duk unguwar ta san wa yake nema da aure, ta san dattijo ɗaya ne a cocinsu da kullum ya manta tabaransa a mota.

Clifton Pruitt. Mahaifin Odessa.

Tun tana shekara tara ta gano sirrinsa. Duk ranar Asabar ita ke karanta masa ayoyin da zai karanta a coci, ya rufe ido ya haddace, ranar Lahadi ya tashi yana bin layi da yatsa. Shekara biyu da suka wuce ta zauna ta rubuta labarin, minti bakwai cif, abin da ya fi duk wani abin da ta taɓa rubutawa kyau. Da ta gaya masa, bai yi faɗa ba. Hannunta ya kama, ya ce, "Dessa, ki bari sai na mutu."

Ta yi masa alkawari. Ba ta taɓa hawa dandamali da shi ba.

Sau ɗaya ta yi shi, a kicin ɗin Wendell, tana riƙe da cokali a matsayin makirufo.

Yau Lahadi, karo na farko tun rasuwar mahaifiyarta, Baba bai je coci ba. Ta buga ƙofar ɗakinsa har hannunta ya yi ja. Bai buɗe ba.

*

Ƙarfe biyu na rana ta tura ƙofar baya ta gidan barkwancin Anti Lo. Ba a buɗewa ranar Lahadi. Kujeru a kife kan tebura, warin tsohuwar giya da na sabulun wanke ƙasa.

Wendell na zaune a bakin dandamali, kwalin fukafukan kaza a cinyarsa, jakar tafiyarsa a gefe. Yana ganinta ya miƙe yana goge hannu a wando.

"Dess. Tun jiya nake kiran ki."

"Na gani."

"Daga filin jirgi nan na wuto. Ko gida ban je ba."

"Yaya babanka?"

Ya kalli kwalin kazar.

"Ka gaishe min da shi. Ashe ya tashi daga kabari har ya zama dattijon coci, ba a gaya mana mun zo barka ba."

"Ki zauna mu yi magana."

"A tsaye ka sayar da ni, a tsaye zan ji."

Ya ajiye kwalin a hankali.

"Ban faɗi sunan kowa ba. Na ce babana ne, saboda in rufa masa asiri."

"Rufin asiri?" Ta ɗaga wayar. "Matan coci sun tura wa juna bidiyon nan tun safiyar Asabar. Wata ta kira yayata Yvette tana tambaya wai ko gaskiya ne katin ta'aziyya ya saya min ranar haihuwata."

"Ai wurin nan ya fi kashe mutane da dariya."

"Shekarata goma sha biyu, Wendell! Furannin jikin katin ne suka yi masa kyau. Ya sa kwat ya miƙo min, na buɗe na ga an rubuta Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Na ce na gode Baba, ya yi kyau. Na shiga banɗaki na yi dariya har na yi kuka. Nawa ne wannan. Ni ce na yi kukan."

"Kuma kika zauna a kansa shekara biyu!"

Muryarsa ta ɗaga, ta daki bangon zauren da babu kowa.

"Shekara biyu, Dess. Kina da abin da ko manya ba su da shi, kin kulle a durowa, kina hawa kina ba mutane labarin tsadar haya da direban bas. Kin san yawan mutanen da suka aiko min saƙo suna cewa kakansu ma haka yake? Wata ta ce ta kira babanta bayan shekara shida ba sa magana. Labarin nan ya fi ƙarfin durowa."

"To sai ka zama waliyyi. In kawo maka kyandir?"

"Minti bakwai aka ba ni. Sau ɗaya ake ba mutum irin wannan a rayuwa. Na duba duk abin da nake da shi, babu wanda zai tsaya. Kin san babu. Ke da kanki kin sha gaya min."

"Na gaya maka don ka gyara naka."

"Na yi niyyar gaya miki."

"Yaushe?"

"Bayan an yi. Na ce in ya karɓu, ƙofar da ta buɗe mana ce mu biyu. Sun ce suna neman marubuta. Na riga na ba da sunanki."

Odessa ta yi wata dariya da ba ta san tana da irinta ba.

"Ka ji mutum. Ya sace min riga, sannan ya nema min aikin guga."

"Dess..."

"Kar ka taɓa ni."

Ya janye hannunsa.

Ta ja numfashi. Abin da ya hana ta barci kwana biyu, ba katin ba ne, ba gidan abincin ba. Ta ja bidiyon zuwa minti na ƙarshe, ta ƙure sauti, ta ɗora wayar a kan dandamali tsakaninsu.

Muryar Wendell ta fito, ta yi laushi, irin laushin da ake koya a gaban madubi.

"Ranar da mamata za ta rasu, akwai bututu a maƙogwaronta, ba ta iya magana. Sai ta yi rubutu a 'yar takarda, nas ta ba babana. Ya kawo gida ya miƙo min, ya ce, duba min nan, jerin cefane ne, na bar tabarau a mota. Na buɗe. An rubuta, Wendell, na san kai za ka karanta wannan. Ka gaya wa babanka ina sonsa. Kuma ka gaya masa don Allah ya daina sa farar safa da baƙin takalmi."

Aka yi dariya, aka yi tafi, wasu a cikin zauren suna share hawaye.

Odessa ta kashe.

"Odessa ta rubuta," ta ce. "Odessa, na san ke za ki karanta. Kalma ta ƙarshe da hannun mamata ya rubuta da sunana ta fara. Ka cire, ka sa naka."

Wendell ya kalli takalminsa.

"Amma ba wannan ne ya kawo ni ba. Ɗago ka kalle ni."

Ya ɗago.

"Ranar da na yi maka shi a kicin, a kan katin na tsaya. Ban kai nan ba. Na kasa. Ka tuna? Na ajiye cokalin na ce sauran ba na faɗa ba ne."

"Kila kin faɗa wani lokaci kin manta."

"Ko Yvette ba ta san da takardar nan ba. Ni da Baba ne kawai. Wuri ɗaya na taɓa rubuta ta a duniya, a koren littafina."

Ta ƙara matsowa kusa da shi.

"Ba ka taɓa ganin koren littafin ba, Wendell. Ba a gidanmu yake ba, ba a gidanka ba."

Idonsa ya zame, ƙiftawa ɗaya, zuwa ƙofar ofis da ke bayan kantar sayar da giya.

Ƙiftawa ɗayan nan ta ishe ta.

"A'a," ta ce a hankali.

Ƙofar ofis ta buɗe.

*

Lorraine Gaither, wadda suke kira Anti Lo, ta fito da sandarta a hannu ɗaya, koren littafin a ɗaya hannun. Shekara sittin da huɗu, jan gashin kanti, murya kamar an ja kujera a kan siminti. Ita ce mai gidan. Ita ta fara ba Odessa minti uku a dandamali tana 'yar shekara goma sha tara, ita ta koya mata inda ake shiru a bar dariya ta sauka. Ranar da aka yi wa Odessa ihu aka sauke ta, Anti Lo ce ta riƙe mata gashi tana amai a bayan gida, ta ce gobe ma za ki hau.

Ta jefa littafin kan tebur.

"Ki ƙyale yaron nan. Ba shi da wayon sata shi kaɗai."

"Anti Lo."

"Ni na ba shi."

"Ajiya na ba ki." Muryar Odessa ta koma ta yarinya. "Na ce ki sa min a akwatin ƙarfenki kar Yvette ta gani. Kika ce ko wuta ta tashi shi za ki fara ɗauka."

"Da kin bar shi a gida ma ya fi tsira. Mai gidan naku ba zai iya karantawa ba."

Wendell ya ce, "Haba, Anti."

"Kai yi min shiru. Ka ci, ka goge baki, yanzu za ka yi min haba?"

Odessa ta dafa bayan kujera.

"Me na yi miki?"

"Ba ki yi min komai ba."

"To me ya sa?"

Lorraine ta sauke kujera ɗaya daga kan tebur ta zauna, ta miƙe ƙafarta mai ciwo.

"Sana'ar nan ba ta san alkawari ba, 'yar nan. Na gaya miki tun ranar farko. Abin da ya fi miki ciwo shi ne abincinki. Ke kuma kin zaɓi ki zama 'yar kirki. To 'yan kirki suna sayar da magani a kanti da rana, kamar yadda kike yi, har su tsufa."

"Zaɓina ne!"

"An ba da gurbi ɗaya a shirin nan na New York. Gidan nan shekara ashirin da biyu bai taɓa fitar da kowa talabijin ba. Ba zan tura wanda zai je ya ba ni kunya ba."

"Sai kika tura shi da kayana."

"Na tura wanda zai buɗe baki."

Wendell ya share goshi. Ya kalli Lorraine, ya kalli Odessa.

"Anti, ki gaya mata sauran."

"Babu wani saura."

"In ba ki faɗa ba ni zan faɗa. Na gaji."

"Wane saura?" in ji Odessa.

Wendell ya juyo gare ta.

"Mutumin da ya zo daga New York a watan Nuwamba. Mai gemu, wanda ya zauna can baya yana shan ruwan lemo. Ba ni ya zo nema ba."

"Wendell," Lorraine ta ce, tana buga sanda a ƙasa.

"Bayan an tashi ya ce yana son doguwar yarinyar nan mai labarin direban bas. Ke. Ya ce labarin direban ma ya ishe shi. Ina tsaye a nan ina kwashe kofuna, da kunnena na ji."

Odessa ta juya a hankali.

"Me kika ce masa?"

Lorraine ta kalli bango.

"Me kika ce masa, Anti Lo?"

Wendell ne ya amsa, murya ƙasa ƙasa.

"Ta ce kina shaye-shaye. Ta ce ba a iya dogara da ke, sau biyu kina guduwa daga dandamali. Ta ce ya dawo bayan shekara biyu in kin warke."

Odessa ba ta taɓa sa giya a bakinta ba. Shekara shida tana aiki a gidan da ake sayar da ita, ruwan zafi da zuma take sha kafin ta hau. Anti Lo ce ke haɗa mata da hannunta.

"Kuma kai kana tsaye," ta ce wa Wendell.

"Ina tsaye."

"Da kofuna a hannu."

"Eh."

"Ka raka ni tashar bas a ranar. Ka ce min mutumin bai ga kowa da ya yi masa ba. Na ce maka kar ka damu, lokacinka na zuwa. Ni na ba ka haƙuri, Wendell. Ni!"

Ya rufe fuska da hannu biyu.

Ta koma kan Lorraine. Hawayen da take riƙewa tun cikin bas suka zubo, ba ta share ba.

"Ranar da kika kwanta asibiti da ƙafar nan, wa ya kwana a kujera mako guda? Na ce wa nas ni 'yarki ce don su bar ni in shiga. Ban ji ina ƙarya ba da na faɗa. Ashe ni kaɗai ce ban sani ba."

Wani abu ya motsa a fuskar Lorraine, ya koma.

"Ba don ke na yi ba."

"To don wa? Don gidan? Da ni kika tura, gidan ne dai zai yi suna. Mutumin ni ya nema! Babu abin da za ki rasa. Me ya sa sai labarin babana? Me ya yi miki, mutumin da ko taɓa ganinsa ba ki yi ba?"

Lorraine ta buɗe baki.

Ƙofar baya ta yi ƙara.

*

Iska mai sanyi ta shigo, sannan shi.

Clifton Pruitt, shekara sittin da takwas, cikin baƙar kwat ɗinsa ta coci, dusar ƙanƙara a kan malfarsa. Tunda Odessa ta fara wannan sana'a bai taɓa taka nan ba. Ya ce dattijon coci ba ya shiga inda ake zuba giya, amma kullum sai ya jira ta dawo ya tambaye ta ko an yi dariya.

Ya tsaya yana sabawa da duhun wurin.

"Baba."

"Yvette ta ce nan zan same ki."

Wendell ya matso da sauri. "Baba Pruitt, don Allah ka saurare ni, laifina ne, ni ne na..."

Dattijon ya ɗaga hannu ɗaya, ko kallonsa bai yi ba. Wendell ya tsaya cak.

"Ba wurinka na zo ba, yaro. Kai ba ka yi min alkawarin komai ba."

Ya tako har gaban 'yarsa. Ya cire malfar.

"Dessa, abu ɗaya zan tambaye ki. Maganar takardar mamanki. A ina yaron nan ya ji?"

Ta kawar da idonta.

"Na zauna tun Juma'a ina cewa ba Dessa ba ce. Na ce ko nas ɗin ce ta karanta ta ba wani labari. Har matattu na zarga don kar in zarge ki."

"Baba, ban faɗa a gaban jama'a ba. Ban taɓa hawa da shi ba, na rantse."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Na rubuta," ta ce. "A littafi. Don kaina kawai. Na ba da ajiya."

Ya dubi koren littafin a kan tebur. Ya daɗe yana dubansa.

"Wannan?"

"Eh."

"Duk a ciki nake?"

"Eh, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Yau da safe Fasto ya kira ni. Ya ce kar in damu, kowa na ƙaunata, za a nemo min mai koya min karatu ranar Laraba tare da yara. Tare da yara, Dessa. Mutanen da na binne musu iyaye, na ɗaura musu aure." Muryarsa ta karye, ya gyara ta. "Da zagina suka yi da ya fi min sauƙi."

"Ka yafe min."

"Wa kika ba ajiyar?"

Odessa ta juya ta kalli inda Anti Lo ke zaune.

"Ni ta ba."

Lorraine ta dogara da sandarta ta miƙe, ta fito daga inuwar kantar zuwa ƙarƙashin fitila.

Dattijon ya juya. Ya kalle ta kallon baƙo. Sai girarsa ta haɗu. Ya ƙara taku ɗaya, ya tsaya.

"Rainey?"

Odessa ba ta taɓa jin wani ya kira Anti Lo da wannan suna ba.

"Rainey Tillman?"

"Gaither yanzu, sunan mijina. Ya mutu shi ma." Ta gyara tsayuwa. "Ka tsufa, Clifton."

"Na ji an ce kin koma Memphis."

"Na koma. Na dawo nan. Shekara ashirin da biyu muna gari ɗaya, bas ɗaya ce tsakanin cocinka da ƙofata."

Odessa ta kalli wannan, ta kalli wancan.

"Kun san juna?"

Babu wanda ya kula ta.

"Anti Lo! Kin san babana?"

"Tun ranar da kika shigo nan kika ce sunanki Pruitt. Ko ba ki faɗa ba ma, haɓarsa ce a fuskarki."

"Shekara shida kina sane?"

"Ina sane."

"Shi ya sa kika ba ni minti ukun?"

"Na ba ki don in ga irin 'yar da ya haifa da wata. Na riƙe ki don kin iya. Wannan gaskiya ce, ki yarda ko kar ki yarda." Ta mayar da ido kan dattijon. "Garinmu ɗaya a Mississippi. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, ya hau jirgin ƙasa ya taho nan aikin narka ƙarfe. Ya ce in ba shi wata shida ya kama ɗaki ya aiko in taho. Ko ba haka aka yi ba, Clifton?"

"Haka ne."

"Wasiƙa goma sha ɗaya na rubuto maka."

Ya sunkuyar da kai.

"Ko ɗaya ba ka amsa ba. Kullum ina bakin titi ina jiran mai kawo wasiƙa, har ya fara kauce wa layinmu don tausayi. Na ce ya samu 'yar birni. Na ce bai taɓa sona ba. Na yi kuka na gama, na yafe maka, Allah ya sani na yafe. Namiji ya daina son mace, ba yau aka fara ba."

Ta nuna koren littafin da sandarta.

"Sai watan Oktoba na buɗe wancan. Ina zaune a ofis ina dariya, ina cewa yarinyar nan ta iya. Har na kai tsakiya. Sannan na gane."

"Rainey, na ji kunya ne."

"Kunya!"

Sandar ta daki ƙasa har Wendell ya zabura.

"Ashe ba ƙina ka yi ba. Suna iso maka, kana riƙewa a hannu. Gida cike da 'yan haya, coci cike da masu karatu, ka rasa mutum ɗaya da za ka ce wa don Allah karanta min? Ka gwammace in ruɓe a can da a san ba ka san baƙi ba? To yanzu mutum miliyan biyu sun sani. Ka mutu? Ga ka nan tsaye!"

"Na yi niyyar in koya, sannan in buɗe su da kaina. Na ce wata ɗaya. Sai wata ya zama shekara. Daga baya na kasa dawowa in kalle ki." Yana juya malfar a hannunsa. "Suna nan, Rainey. Ban yar da ko ɗaya ba. Ban bar kowa ya taɓa su ba."

"A rufe?"

"A rufe."

Lorraine ta yi dariya, hawaye na bin hodar fuskarta.

"Har ta huɗun?"

"Duka."

"To bari in rage maka wahala, tunda har yau ba ka koya ba."

Odessa ta ji kanta tana cewa, "Anti Lo, ya isa," amma muryar ba ta fita sosai ba.

Lorraine ta matso har sai da sandarta ta taɓa takalmin dattijon.

"A ta huɗun na gaya maka ina da cikinka. Ɗanka zai cika shekara arba'in da ɗaya a watan Maris, Clifton. Kuma shi ma ya kalli bidiyon."

Malfar ta suɓuce daga hannunsa.